Bitar Inna a Bakin Kwalbati

Innata ba ta taɓa kwana da ƙofa a rufe ba. A ruga aka haife ta, can bayan Miri, kuma ko da aure ya kawo ta Gwallaga, cikin lunguna da katangu, jikinta bai taɓa sakewa da gari ba. Labule kawai take saki, ko da ana ruwa. In za mu unguwa ba ta shiga tasi, sai keke mai ƙafa uku, don shi gefensa a buɗe yake, kuma dole ita ce a baki. Ƙuryar ɗakinta kuwa mu take aikawa mu ɗauko mata abu. Ba ta taɓa faɗawa rijiya ba, ba a kuma taɓa kulle ta a wani wuri ba, don na tambayi yayanta. Haka Allah Ya yi ta, mu kuma muka tashi muka ɗauki abin kamar tsayinta ko hasken fatarta, ba abin da ake zama a tattauna ba.

Shekarar da ta yi niyyar aikin Hajji ne abin ya zama magana. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ina gidan da ita ina ɗinkina, ƙanena kuma yana unguwar Ɗan Iya da iyalinsa da ɗan shagonsa. Ta sa yayanta ya sayar da shanun da ta gada, ba ta bar ko maraƙi ba, aka biya mata kujera. Gwiwoyinta sun riga sun fara ciwo, ita da bakinta ta ce in ba bana ba, to sai dai a ba ta labari. Ni da ƙanena mun zaci jirgi ne zai zama rigima. Da muka taɓo maganar a hankali, sai ta ce ai an gaya mata jirgi yana da taga, kuma ita ba ta taɓa jin sama ta danne wani ba.

Ta fara zuwa bitar maniyyata da murnarta. A can an kafa ɗan ɗaki na katako an lulluɓe shi da baƙin yadi, malamai suna koya musu yadda ake ɗawafi, suna zagayawa suna maimaita addu'a. In ta dawo sai ta ja turmi tsakar gida ta zagaya shi tana nuna mana, tana gyara mana kuskuren da ba mu yi ba. Rabona da in ga Inna cikin irin wannan farin ciki tun kafin rasuwar mahaifinmu.

Sai wata rana maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ta je ta sake komawa, ta shigo ba da shawara. Matar kirki ce, sai dai ba ta iya barin labari a rabi ba. Ta lissafa kuka da daddawa da yaji da silifa mai laushi, ina kan keken ɗinki ina jin su. Can ta ce, "Sai kuma ramin nan, ki riƙe ruwanki da kyau kafin ku shiga."

Inna ta ce, "Wane rami?"

"Ramin da ake bi a je jifa mana. Dutse ne aka huda. Ku shiga ta nan, ku yi ta tafiya, ku yi ta tafiya, dutsen yana bisa kanku, ga jama'a gaba ga jama'a baya."

"Yana da taga?"

Hajiya ta yi dariya. "Taga a cikin dutse, Inna?"

Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Na yi ta ƙifta wa Hajiya ido, ita kuwa ta zaci wani abu ne ya faɗa min, ta ci gaba har ta ƙara da cewa motocin alhazai ma ta irin ramukan suke bi.  Inna ta raka ta zaure, ta yi mata godiya, ta dawo ta mirgina turmin ta mai da shi inda yake. Washegari ba ta je bita ba.

Kowa ya zo da tasa dabarar, kuma yawancinmu da suna muka fara. Ni na ce Hajiya ce ta ɓata abin da ta kira shi rami, don rami bakinsa ɗaya, ƙasa yake yi, kuma duk wanda ya manyanta ya san ramin da ke jiransa. Na ce mata kogo ne. Ta ce kogo ai ya fi muni, ƙarshensa a toshe yake, kura ke kwana ciki. Matar ƙanena ta ce kamar dogon zaure ne. Inna ta ce zaure mutum ne ya ɗora masa rufi, ya san nauyin da ya ɗora. Na ce to kamar rariya ce babba, ana shiga ta nan a fita ta can, ta ce ita ba ruwan wanke-wanke ba ce. A rediyo mun ji suna cewa hanyar ƙarƙashin ƙasa, wannan kuwa ban ma bari ya kai kunnenta ba. Ƙanena, da yake ya ɗan taɓa boko, ya gyara zama ya ce da Turanci tanel ake ce masa, kamar sunan zai rage wa dutsen nauyi.

Inna ta ce, "Abin da ba shi da suna da Fillanci, ba shi da suna da Hausa, sai an je an aro, wannan ba wurin mutum ba ne."

Daga nan ƙanena ya ciro waya ya nuna mata hoton wurin mai motsi, wai ta ga akwai fitilu. Abin da ta gani shi ne farin taron jama'a yana kwarara cikin wani baki a gindin dutse, ba wanda ke fitowa. Ta ture wayar. Na ce masa Allah Ya saka da alheri, ya ƙarasa abin da Hajiya ta fara.

Malamin unguwarmu ya zo har zaure ya yi mata bayani cikin natsuwa, ya ce mai rauni yana iya wakilta wani ya yi masa jifa, addini bai matsa wa kowa ba. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya. Bayan ya tafi ta ce, "In sayar da shanuna kaf, in je har can, sannan in aiki ɗan wani? To motocin fa, su ma wakili zan tura ya shiga?" Da yamma ta kira ƙanena ta ce ya je ofishin alhazai ya ce a ba wani kujerar. Ya ce to, amma bai je ba, ya yi ta kawo uzuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai a kwanakin nan, kuma ba Inna kaɗai nake jin haushi ba, har da dutsen da ban taɓa gani ba. Na san in ta fasa ba za ta sake samun wasu shanun ba, ba za ta sake samun wasu gwiwoyin ba. Na kuma san halinta: ba za ta ƙara ɗaga maganar ba har ta mutu, sai dai duk shekara in alhazai sun dawo ta je yi musu barka, ta karɓi dabino da zamzam, ta dawo ta zauna shiru. Wannan shirun nake tsoro.

Ina cikin ɗinki dabara ta faɗo min. Tunda an yi musu bitar ɗawafi da katako da yadi, me zai hana mu yi mata bitar dutsen? Muka fara da lungun bayan gidanmu. Ni da matar ƙanena muka ɗaura igiyoyi daga katanga zuwa katanga, muka shimfiɗa tabarmi da zannuwa a kai har lungun ya yi duhu, muka kira ta. Ta zo ta tsaya, ta dubi aikin daga sama har ƙasa, ta ce, "Wancan zanina ne na zuwa biki. A sauke min shi." Ta juya ta koma.

Ƙanena ne ya tuna da kwalbatin. Kafin a shiga Miri akwai wani babba a ƙarƙashin titi, inda rafi ke bi da damina. Lokacin bazara ne, ya bushe, sai yashi. Mutum yana tafiya cikinsa a tsaye har da saura, kuma yana da tsawo, tsakiyarsa da duhu. Muka dace 'yar yayan Inna ta haihu a Miri, dole za mu je barka. Ba mu ɓoye mata ba, muka ce za mu tsaya a hanya ta gani. Ta ce gani dai ba laifi. Ta ƙulla gero da kanwa na kunun mai jego, muka ɗauki keke.

Muka bar mai keke a inuwa muka gangara. Daga bakin kwalbatin ana hango ɗaya bakin can nesa, ɗan ƙarami kamar faifai. In babbar mota ta wuce a sama sai duk wurin ya ɗauki ƙugi, ƙura ta zubo daga rufin. Ni kaina sai da gabana ya faɗi, amma na daure na shiga na je ƙarshe na dawo ina murmushi kamar na je kasuwa. Ƙanena ma ya je ya dawo. Inna tana tsaye rungume da ƙullinta, ko gezau.

Sai muka yi abin da ya fi mana sauƙi. Ya kama hannunta yana ja a hankali, ni na dafa bayanta ina turawa, muna ta "Bismillah, Inna, taku kaɗan ne." Ta yi taku har inuwar bakin ta rufe ƙafarta, sai ta turje. Na ji bayanta yana rawa a tafin hannuna, zufa ta jiƙe mayafinta. Na ƙara turawa. Ta fizge da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta koma baya ta zauna a kan wani dutse tana haki.

Ta ce, "Ku ƙyale ni. Allah Ya ga zuciyata. Kai kuma gobe ka je ofishin nan, kada in sake faɗa."

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." A wannan karon na ji a muryarsa zai je. Na juya musu baya don kada ta ga idona, na tsaya ina kallon yashi.

Muna nan a haka sai ga shanu sun gangaro ta cikin rafin, ɗan garke ne, farare, wani magidanci yana biye da su da sanda. Daga ganin yadda yake kora ka san manomi ne da ya tara ya saya, ba makiyayi ba. Yana so ya bi da su ta ƙasa ne don gudun manyan motocin titi. Da suka zo bakin kwalbatin sai suka ja tunga. Ya ɗaga sanda ya zuba wa na baya, na baya suka tura na gaba, na gaba suka juya ƙaho, garken ya cure yana zagaya kansa. Ya ƙara duka yana ihu. Wata karsana ta zame ta durƙusa a kan gwiwa.

Inna ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga wa baƙo murya ba sai ranar.

"Kai, bawan Allah, sauke sandan nan. Wa ya koya maka kora?"

Mutumin ya tsaya yana share zufa. "Mama, saniyan ne ya ƙi. Tun safe yana ba ni wahala."

"Ba ƙi ta yi ba, ba ta ga wanda ya shiga ba ne. Kana bayanta kana duka, ita ta san me ke ciki? Koma gefe. Ku ma ku matsa."

Ta kwance ƙullinta ta ɓallo ɗan guntun kanwa, ta miƙa min sauran ba tare da ta dube ni ba. Ta ratsa cikin shanun tana dafa wannan tana kauce wa wancan, har ta isa ga wata babbar saniya mai faɗin ƙaho. Yadda ta gane ita ce uwar garken, ban sani ba. Ta tsaya a gabanta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, tana sosa mata wuya, ta bar ta ta lashi kanwar. Sai da numfashin saniyar ya kwanta, sannan Inna ta juya mata baya, ta saki hannun da ke riƙe da kanwar a bayanta, ta fara tafiya tana wani kira daga maƙogwaro. Ba kalma ba ce, wani sauti ne mai tashi ya sauka, wanda duk zamana da ita a Gwallaga ban taɓa ji daga bakinta ba.

Saniyar ta bi ta, sauran suka bi saniyar. Na buɗe baki zan yi magana, ƙanena ya damƙe min hannu. Muna kallo farin mayafinta ya shige inuwa, ƙahoni suka rufe shi, sai kiran kawai ke fitowa, kwalbatin yana ƙara masa girma. Wata tanka ta wuce a sama, wurin ya yi ƙugi, kiran bai yanke ba. Muka bi bayan garken tare da mai shanun, muna taka kashi muna shaƙar ƙura.

A ɗaya bakin muka same ta tana ba saniyar ragowar kanwar, tana yi wa mutumin faɗa a kan ƙafar karsanar. Ya yi ta godiya, ya kora shanunsa, wannan karon yana gaba. Sai da suka yi nisa sannan ta waiwaya ta dubi inda ta fito. Ta daɗe tana kallo. Ta zauna a kan yashi, ta ce, "La ilaha illallahu. Ta nan na biyo?"

Na ce, "Ta nan, Inna."

"Ku kuma kuna kallo ba ku hana ni ba."

Dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ita ma ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna motsi. Ƙanena ya ce tunda keke yana wancan gefen, bari mu hau ta sama mu tsallaka titi, ya kama ta. Ta ce a dakata. Ta huta, ta sha ruwa, ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"Kada wanda ya taɓa ni. Kada wanda ya ce min komai. Ku biyo ni daga baya."

Ta shiga. Babu saniya ko ɗaya, amma da ta kai inda duhun ya fi yawa sai na ji ta ɗauko kiran nan, muryarta tana ɗan rawa. Ni da ƙanena muka bi ta sumui-sumui, mu ne shanun. Da muka fito ba ta ce komai a kan kujera ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka je barka da rabin kanwa, ta ce wa mai jego sauran rabin kuwa wata ce ta riga ta sha.

Washegari ta yi wanka ta tafi bita. Amma ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Ita ma ta san bambancin kwalbati da dutsen can. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai, tana ɗaure jakarta, ta ce min, "Can fa ba ni ce a gaba ba. Kuma an ce ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba." Na ce Allah zai kawo sauƙi. Ta ce amin, ta miƙo min igiyar na ƙulla. Muka saya mata ƙaramar waya muka koya mata inda za ta danna ta same ni. Tun daga ranar da jirginsu ya tashi, duk sallar da na yi sai na roƙa mata abu ɗaya, kada ta faɗi a cikin dutsen nan a tsakiyar jama'a, ba kowa nata kusa. Ta kira daga Madina, ta kira daga Makka, ta ce a mota rufe ido take yi in an zo ramin dutse, matar da ke kusa da ita ta taɓa ta in an fita. Na ƙafa shi ne bai zo ba tukuna, kuma shi ba a yin sa da ido a rufe.

Ranar Babbar Sallah, an sauko daga idi, ƙanena ya yanka rago a gidanmu, ina tsugune a bakin murhu ina gasa hanta. Wayata ta yi ƙara. Da na ɗauka ban ji murya ba, sai wani ƙugi mai cika kunne, da amon jama'a masu yawa suna Labbaika, sautin yana dukan bango yana dawowa.  Na zaci wani ne ya ɗauki wayarta zai gaya min abin da nake tsoro.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna. Kina ina? Lafiya?"

"Ina ciki." Tana haki, amma hakin tafiya ne. "Kin ji wannan ƙarar? Fankoki ne, kowanne ya kai ɗaki. Ina tsakiyarsa, ban ga baya ba, ban ga gaba ba."

"Inna, ki yi ta addu'a, kada ki tsaya, kin ji? Kada ki dubi sama."

"Na riga na duba. Ke, saurara. Akwai wata tsohuwa 'yar Ningi a tantinmu, ta zo baki ta ƙi shiga, 'ya'yanta suna ta ja. Na ce su sake ta. Ga ta nan riƙe da hijabina, muna tafe." Na ji ta juya ta yi wa wata magana a hankali, sannan ta dawo. "Na ce bari in gaya miki tun ina ciki, kada in fito ki ce ƙari na yi. To, ajiye wayar, ina bukatar hannuna."

Layin ya yanke. Na zauna daɓas a ƙasa da wayar a kunne, ina kuka ina dariya, ƙanena yana tsaye a kaina da wuƙa a hannu yana tambaya me ya faru, na kasa ba shi amsa har hantar ta ƙone.